Cinikin Tsohuwar Azurfa: Ta Ina Ribar Mai Saye Take Fitowa?

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 farashin oza ɗaya ta azurfa ya haura dalar Amurka 50 a kasuwannin duniya, watau ya wuce matsayin da ya taka a farkon shekarar 1980, wanda aka shafe shekaru 45 ana ambatonsa a matsayin ƙololuwa. Labari irin wannan ba ya tsayawa a Landan da New York. Yana isowa har teburan masu sayen gwal da azurfa a Kasuwar Kurmi ta Kano, da Kasuwar Wuse ta Abuja, da unguwar Yaba a Ikko, domin yana tuna wa magidanta da matan aure cewa akwai mundaye da awarwaro da zobba na gado da suka daɗe a ƙasan adaka, kuma ga kuɗin makaranta ko na asibiti sun taso.

To amma mafi yawan wanda ya ɗauki irin wannan kaya ya kai kasuwa yakan komo gida da guntun ƙorafi. Ya ji farashi a rediyo, ya buga lissafinsa, sai ga shi tayin da aka yi masa bai ko kusanci abin da ya sa rai ba. Daga nan sai zargi ya shigo, a ce masu saye macuta ne. Akwai macuta a cikinsu kamar yadda suke a kowace sana'a, sai dai kuma giɓin da ke tsakanin farashin duniya da tayin kasuwa yana da sassa da dama, wasu na gaskiya ne da ba makawa sai an cire su, wasu kuwa rashin sanin mai kaya ne kawai ke ba su wurin zama. Wanda ya iya rarrabe su shi ne zai san inda ya kamata ya ce albarka da inda ya kamata ya sallama.

Farashin da ake ji a labarai na azurfa tsantsa ce, wadda aka tace har ta kai kashi 999 daga cikin 1,000, aka zuba ta manyan sanduna a rumbunan ajiya. Tun shekarar 1897 ake yanke wannan farashi kowace ranar aiki a Landan, kuma a watan Agusta na 2014 aka sauya tsohon tsarin da sabo wanda ake gudanarwa ta kwamfuta. Ma'aunin da ake amfani da shi a can shi ne ozar masu awon zinariya da azurfa, mai nauyin giram 31.1, alhali ozar da ake auna kayan abinci da ita giram 28.35 ce. Bambancin ya kusa kashi 9 daga cikin 100, saboda haka wanda ya rikita su biyun ya riga ya yi kuskuren lissafi tun kafin ya fita daga gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba farashin oza da 31.1 a sami na giram, sannan a juya shi zuwa Naira bisa canjin wannan rana.

Matsalar ita ce babu wata munduwa ko sarƙa da take azurfa tsantsa. Azurfa ƙarfe ne mai laushi, dole sai an gauraya ta da jan ƙarfe kafin ta jure sawa da cirewa. Turawan Ingila sun tsayar da nasu gaurayen a kan kashi 925 daga cikin 1,000, kuma tun shekarar 1300 suke da dokar da ta wajabta a gwada kayan azurfa a buga musu hatimi. Har yau akwai ofisoshin gwaji huɗu a Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh, kuma hoton zaki mai tafiya a jikin cokali ko faranti shaida ce ta cewa azurfar Ingila ce mai 925. Kayan Jamus da Italiya da yawa suna ɗauke da lambar 800. Kayan da maƙeran fari suka ƙera a Kano ko Bida ko Agadas kuwa, galibinsu ba su da wata lamba a jiki, kuma a nan ne ciniki yake zama na ƙiyasi.

Domin a fahimci abin da ke cikin kayan gadonmu, sai an waiwayi inda maƙeran suka riƙa samun azurfar. Tsabar kuɗi suke narkarwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne liyari, watau dalar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake suka riƙa shigo da ita ta hamada. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Nauyin liyari giram 28.07 ne, tsarkinsa 833, watau akwai giram 23.39 na azurfa tsantsa a cikinsa. Ya kamata mai riƙe da shi ya san cewa shekarar 1780 da ke rubuce a jikinsa ba ta nuna tsufansa. A wannan shekara ce sarauniyar ta rasu, aka kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan kwanan wata har cikin ƙarni na 20 da bayansa, a Biyana da wasu biranen irin su Landan da Paris da Rum da Bombai. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Don haka liyari na gama-gari nauyinsa ne darajarsa, kuma duk wanda ya ce wa mai kaya yana riƙe da dukiyar shekara ɗari biyu da arba'in, daɗin baki ne ko kuma rashin sani.

Bayan liyari akwai dalar Faransa ta faran biyar mai giram 25 da tsarki 900, wadda ta yi yawo a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Har yanzu a Nijar idan an ce dala ana nufin faran biyar ne, ko da yake azurfar ta daɗe da barin kuɗin. Sai kuma kuɗin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912. Taro da sisi da sule da fataka da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai 925. Sule yana da giram 5.66, fataka kuwa giram 11.31. A 1920, da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rage ta, sannan aka maye gurbinta da gaurayen tagulla. Kuɗin Nijeriya na 1959 da kuma kwabban da suka zo tare da Naira a 1973 babu ƙwayar azurfa a cikinsu, duk kuwa da farin da wasunsu ke da shi. A Ingila ma an rage azurfar kuɗi zuwa rabi a 1920, aka cire ta baki ɗaya daga 1947, Amurka kuma ta daina buga ƙananan kuɗinta masu tsarki 900 bayan 1964.

Abin da wannan tarihi yake nufi ga ciniki a yau shi ne, munduwar da aka ƙera da liyari ba za ta wuce 833 ba, kuma idan maƙeri ya ƙara jan ƙarfe don ya sami auki, ko aka sake narkar da tsohon kaya sau biyu ko uku ana yi masa ƙari, tana iya sauka ƙasa da haka nesa. Wadda aka ƙera da sulallan 1913 tana iya kusantar 925. A ido duka biyun fari ne. Daɗin daɗawa, akwai ƙarfen da Turawa ke kira azurfar Jamus, wanda gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, babu azurfa a cikinsa ko kaɗan. Haka nan tire da butar shayi da cokula masu haruffan EPNS a ƙasansu, waɗanda suka cika gidajen manyan ma'aikata a zamanin Turawa da bayansa, wanka kawai aka yi musu da azurfa ta hanyar lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Kaurin azurfar da ke jikinsu bai kai na takarda ba. Iyalai da dama sukan ɗauki irin waɗannan a matsayin dukiya, sai ranar rabon gado su ji mai saye ya ce ba ya bukata.

Kayan aikin ƙaramin mai saye ba su da yawa: sikeli, maganaɗisu, zarto ƙarami, da kwalbar asid. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma kuma ba ya kama jan ƙarfe ko dalma, saboda haka baƙin ƙarfe da makamantansa kawai yake tonawa. Sai a goga zarto a wani lungu na kayan a ɗiga asid mai suna naitirik. Idan wurin ya yi fari kamar madara azurfa ce mai kyau, idan ya yi kore jan ƙarfe ya rinjaya. Wannan gwaji yana raba azurfa da jabu, amma ba ya iya raba 800 da 900 daidai wa daida. Akwai kuma gwajin ruwa, inda ake auna kaya a iska a sake auna shi a cikin ruwa don a san nauyinsa bisa girmansa: azurfa tsantsa tana ba da 10.5, jan ƙarfe 8.96, dalma 11.3, alminiyam kuwa 2.7 kacal. Mai wayo yana iya cika ramin munduwa da dalma har lissafin ya yi kama da na azurfa, shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ba sa yarda da kaya mai rami sai sun yanka. Na'urar haske mai karanta sinadaran ƙarfe cikin 'yan daƙiƙoƙi ta fi duk waɗannan, amma kuɗinta dubban daloli ne, kuma ita ma fatar ƙarfen take karantawa.

Yanzu bari mu buga misali, da alƙaluman da muka ƙaddara don sauƙin lissafi kawai. A ce giram ɗaya na azurfa tsantsa ya kama N1,500 bisa farashin duniya da canjin ranar. Wata baiwar Allah ta aiko da awarwaro masu nauyin giram 200, waɗanda ainihin tsarkinsu 900 ne. Azurfar da ke cikinsu giram 180 ce, darajarta N270,000. Mai saye zai fara da cire giram 10, ya ce na datti ne da ƙarfen liƙi, saura 190. Tun da asid bai nuna masa tsarkin daidai ba, sai ya ƙiyasta shi a 800 don ya tsare kansa, watau giram 152. Sannan ya saka wa giram N1,100 a maimakon N1,500. Abin da zai miƙa shi ne N167,200, kusan kashi 62 daga cikin 100 na darajar kayan. Ita mai kayan ba za ta ji ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai uku ba. Magana ɗaya za a aika mata, cewa ana sayen giram kusan N840, ta sallama ko ta ce albarka.

A cikin ragi ukun nan, na tsakiya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne mai kaya yake asara a kai ba tare da ya san an yi ba. Ragin farashi a fili yake, ana iya jayayya a kansa. Ragin nauyi ma ana ganinsa a kan sikeli. Amma bambancin 800 da 900 a kan giram 190 ya kai giram 19 na azurfa tsantsa, watau N28,500 a farashin duniya, kuma ya ɓace ne a cikin kalma ɗaya da mai saye ya furta bayan ya dubi launin ɗigon asid.

Sai dai adalci ya sa a dubi ɗaya ɓangaren. Mai sayen nan ba zai sayar a kan N270,000 ba, domin shi ba ya kai kaya Landan. Zai tara ne ya kai wa babban ɗan kasuwa ko mai narkarwa, wanda shi ma yana da nasa ragin. A ce bayan an narke an sami giram 175, aka biya shi N1,350 a kan kowane giram. Ya karɓi N236,250, ribarsa kafin cire ɗawainiya N69,050. Daga ciki zai biya la'adar dillaliyar da ta kawo kayan, da kuɗin rumfa, da na mota, da haƙƙin yaran shago. Kuma ranar da ya biya N167,200 a kan kayan da aka yi wa wanka mai kauri ko aka cusa wa dalma, ribar ciniki biyu irin wannan ba za ta cike ramin ba.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan wannan hali. A 1970 George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2001, ya nuna da misalin kasuwar tsofaffin motoci cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, zai yi tayi ne a kan matsakaici. Sakamakon haka mai kaya nagari shi ke biyan kuɗin algus ɗin da wani ya yi, kuma idan abin ya yi tsanani sai ya janye kayansa, kasuwa ta rage sai tarkace. A ganina wannan ita ce babbar cutar cinikin azurfa a ƙasar nan, fiye da haɗamar wani mutum guda. Da a ce ƙungiyoyin masu sayen gwal da azurfa na manyan kasuwanni za su haɗa kuɗi su ajiye na'urar gwaji guda a wuri ɗaya, kowa ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa a ba shi takardar nauyi da tsarki, da masu kaya sun sami ƙarin kuɗi, su kuma masu saye sun rage yawan jabun da suke haɗiya. Wanda zai yi asara shi ne wanda ribarsa ta dogara ga duhun kai na abokin ciniki.

Akwai kuma dalilin da ya sa ragin azurfa yake fin na gwal zafi, ko da a tebur ɗaya ake sayensu. Aikin gwada zobe da auna shi da ajiye shi da narkar da shi ɗaya ne, ko na gwal ne ko na azurfa, amma darajar giram ɗin gwal takan ninka ta azurfa sau da yawa. A watan Maris na 2020 ninkin ya haura sau 120. Ɗawainiyar da ba ta kai komai ba a kan zoben gwal tana iya cinye kaso mai tsoka na kuɗin zoben azurfa. Shi ya sa wanda ya kawo kilo guda yake da bakin magana fiye da wanda ya kawo zobe ɗaya, kuma shi ya sa magada da suka haɗa kayansu suka sayar a dunƙule sukan fi waɗanda kowa ya ɗauki rabonsa ya nufi kasuwa shi kaɗai.

Hanya ta biyu da riba ke shigowa, ko ta fita, ita ce ta lokaci. Tsakanin ranar da mai saye ya biya da ranar da ya sayar, farashin duniya yana motsi, canjin Naira ma yana motsi. Azurfa kuwa ta yi suna wajen saurin hawa da saurin faɗuwa. A watan Janairu na 1980, lokacin da 'yan'uwan nan biyu attajiran jihar Texas, Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, suka tara azurfa mai ɗimbin yawa, oza ta kusa dala 50, har mutane suka riƙa yin layi a Landan da New York suna sayar da cokulan gidajensu. Ran 27 ga Maris na wannan shekara ta faɗo ƙasa da dala 11. A ƙarshen Afrilu na 2011 ta sake kusantar dala 49, sannan ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarta a makon farko na Mayu. A Maris na 2020 ta sauka zuwa wajen dala 12. Fiye da rabin azurfar da duniya ke amfani da ita masana'antu ne ke sha, musamman masu ƙera kayan lantarki da faifan hasken rana, yawancin wadda ake haƙowa kuma tana fitowa ne tare da dalma da tutiya da jan ƙarfe da gwal a ƙasashe irin su Meziko da Sin da Peru, don haka ba a iya ƙara yawanta da sauri idan bukata ta tashi.

A gida kuwa, bayan Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin hukuma har ta haura N1,500 a Fabrairu na 2024. Duk ɗan kasuwar da ke da azurfa a akwati a wannan tsakani ya ga kuɗinta na Naira ya ninka ba tare da ya ɗaga yatsa ba, kuma duk wanda ya sayar masa kafin lokacin ya yi cizon yatsa. Amma a Afrilu na 2024 Naira ta farfaɗo na ɗan lokaci zuwa ƙasa da N1,200, waɗanda suka sayi kaya da tsada a Fabrairu suka ji a jikinsu. Wani ɓangare na ragin da mai saye yake yi, kuɗin tsaron kai ne daga irin wannan juyi, kuma yakan faɗaɗa shi a lokacin da kasuwa ke rawa. Saboda haka ranar da farashi ya yi tashin gwauron zabo ba lallai ne ta zama ranar da mai kaya zai sami kaso mafi kyau ba.

Hanya ta uku ita ce wadda masu saye ba su cika son a yi maganarta ba, kuma a nan ne riba mafi kauri take. Ba duk abin da aka saya da sunan narkarwa ake narkarwa ba. Sarƙar Italiya mai 925 da ba ta tsinke ba, wanke ta kawai za a yi a rataye ta a gilashi, a sayar da ita da kuɗin ƙira a kai. Tsohuwar munduwa mai zane, ko gidan laya, ko kwalliyar linzami da likkafa, ko sarƙar wuya ta Buzaye irin ta Agadas, suna da masu nema a cikin masu tara kayan tarihi da masu shagunan baƙi, waɗanda ke biyan kuɗin aikin hannu da na tsufa. An sayi kaya a kan nauyi, an sayar a kan kyau. Mai kaya zai iya gane inda aka dosa idan ya lura da hannun mai saye: wanda zai narkar ba ya jin ciwon goga zarto a ko'ina, wanda kuwa ya hango wata kasuwa sai ya riƙa lallaɓa kayan yana neman lungun da ba za a gani ba. Baƙin da azurfa take yi idan ta daɗe ma ba aibi ba ne, sinadarin kibiritu ne da ke cikin iska ya taɓa fatarta, kuma masu tara kayan tarihi sun fi son a bar shi yadda yake. Wanda ya dirje tsohuwar munduwa da toka ko yashi don ta yi ƙyalli kafin ya kai ta kasuwa yana iya goge rabin abin da zai sa a ƙara masa kuɗi.

A nan akwai doka da ya kamata ɓangarorin biyu su sani. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya kayan ƙira na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje sai da izini. Har ila yau, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sanya masu cinikin ƙarafa da duwatsu masu daraja a cikin sana'o'in da ke ƙarƙashin sa idon sashen SCUML na Hukumar EFCC, ta kuma taƙaita biyan tsabar kuɗi a wajen banki zuwa Naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokokin Arewa da na Kudu duka. Ɗan kasuwar da ya tambayi mai kaya sunansa da inda ya samo kayan, ya rubuta a littafi, kansa yake tsarewa, kuma bai kamata a ɗauki tambayar a matsayin cin fuska ba.

Sarƙar hannuwan da kaya ke bi ita ma tana cin nata rabon. Matar da ba ta fita kasuwa takan ba dillaliya, dillaliya ta kai wa mai tebur, mai tebur ya kai wa mai sari, shi kuma ya kai wa maƙera ko masu narkarwa. Dillaliya tana da amfani na gaske, domin tana rufa asirin gidan da bukata ta kama, abin da mutane da yawa suke fifitawa a kan ƙarin 'yan dubbai. Illar tana zuwa ne idan ba a yanke la'ada tun farko ba, aka ce mata kawai ta je ta ji abin da za a taya. A wannan hali ribarta ita ce bambancin abin da aka ba ta da abin da ta faɗa a gida, kuma tana iya karɓar la'ada daga ɓangarori biyu. Yanke mata kaso sananne daga kuɗin da aka sayar yana sa ƙarin farashi ya zama amfaninta ita ma. Haka kuma auna kaya a gida ko a wani shago dabam kafin a miƙa su, da neman tayi daga mutum uku waɗanda ba rumfa ɗaya suke ba, da roƙon mai saye ya faɗi nauyi dabam, tsarki dabam, kuɗin giram dabam, ba sa cin ko kwabo. Sikelin ciniki kuma yana ƙarƙashin dokar awo da ma'auni, wadda wani sashe na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ke kula da ita, don haka mai kaya yana da ikon ya ga allon sikeli da idonsa, ya ga ya koma sifiri kafin a ɗora.

Ga 'yan kasuwa Musulmi akwai ƙarin sharuɗɗa, domin azurfa tana cikin abubuwan da shari'a ta yi wa hukunci na musamman. Idan azurfa za a musanya da azurfa, dole nauyi ya zo daidai kuma a yi hannu da hannu, abin da ya sa malamai ke umartar wadda ke son canza tsofaffin awarwaro da sababbi ta sayar da nata ta karɓi kuɗi, sannan ta sayi waɗanda take so. Idan da kuɗi za a saya, malaman wannan zamani galibi sun tafi a kan cewa a kammala biya a mazaunin ciniki, saboda haka al'adar nan ta a bar kaya a dawo jibi a karɓi ciko tana da matsala ta fuskar addini, baya ga cewa tana ɗora wa mai kaya haɗarin faɗuwar farashi na kwana biyun. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, ana fitar da kashi biyu da rabi daga cikin 100 bayan shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba a fitar musu da zakka, amma da zarar sun koma akwatin ɗan kasuwa hukuncinsu ya sauya, kuma liyari 26 kacal sun isa su cika wannan nisabi.